Idan azzalumin makaranta ya zama masoyi, wa ke biyan bashin zaluncin?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan wani nau'in labaran soyayya da ya yawaita a shafukan karatu na intanet, wato waɗanda ake ginawa a makarantar sakandare ta 'ya'yan masu hannu da shuni. Zubinsu kusan ɗaya ne. Yarinya 'yar talakawa ta samu tallafin karatu saboda hazaƙarta, ta shiga makarantar da ko kuɗin kayan sawarta iyayenta ba za su iya biya ba, sai ta yi karo da yaron da ɗalibai da malamai duk suke shakka, domin mahaifinsa ne ya gina ɗakin karatu ko kuma shi ne shugaban kwamitin amintattu. Yaron ya sa ta a gaba da wulaƙanci, ya hana kowa kula ta, ya sa a watsa mata littattafai, ya ƙaga mata sharri a gaban aji. Daga nan ƙiyayya ta rikiɗe ta zama so, a babin ƙarshe kuma ga su tare. Marubutan ba sa ɓoye cewa labarin mai duhu ne, har gargaɗi suke rubutawa a shafin farko. Tambayata ita ce, shin irin wannan labari yana fallasa cin zali da gata ne, ko kuwa yana yi musu ado?

Zainab: Wa alaikumus salam Malama. Ni ina cikin masu karanta su, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, mai karatu ta san ƙarshen labarin tun kafin ta fara, domin ƙa'idar labarin soyayya ce a ƙare shi cikin daɗi. Saboda haka tsoron da ake ji a tsakiyarsa tsoro ne mai iyaka, wanda ake ajiyewa da zarar an rufe waya. Abin da nake nema a ciki shi ne ranar da wanda ya fi kowa girman kai a makarantar zai durƙusa yana neman afuwar yarinyar da ya raina. A rayuwa ta zahiri da wuya wanda aka zalunta ya ga wannan rana, shi ya sa ganinta a rubuce yake sanyaya zuciya. Masu karanta labaran kisan kai ba a zargin su da son kisa, don me za a ce mu muna son a wulaƙanta mu?

Malam Auwal: Kafin mu yi nisa, ya kamata a sani cewa wannan zubi ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1740 Samuel Richardson ya fitar da littafin *Pamela* a Ingila, labarin yarinya mai aikin gida 'yar shekara 15 wadda maigidanta ya takura mata, ya tsare ta a wani gidansa na ƙauye, daga baya ya aure ta, marubucin kuma ya kira wannan aure ladar kamun kai. Tun a lokacin aka rabu gida biyu, har Henry Fielding ya rubuta wani littafi a 1741 yana yi masa shaguɓe. Muhawarar da muke yi yau ke nan, sai dai an ɗauke ta daga gidan attajiri an kai ta makaranta.

Shi kuwa zubin makarantar, wanda ya fi yaɗa shi a duniya shi ne labarin zane na ƙasar Japan mai suna *Hana Yori Dango*, wanda Yoko Kamio ta fara fitarwa a 1992. A cikinsa samari huɗu 'ya'yan attajirai ne ke juya makaranta, duk wanda ya saɓa musu sai a liƙa masa jan kati a akwatin ajiyar kayansa, sauran ɗalibai kuma su far masa. An mayar da shi wasan talabijin a Taiwan a 2001, a Japan a 2005, a Koriya ta Kudu a 2009, a Sin a 2018, a Tailan a 2021. Labarin da ƙasashe biyar suka sake shiryawa cikin shekara ashirin, lallai akwai abin da yake taɓawa a zukatan mutane, kuma ina ganin Zainab ta faɗi wani ɓangare nasa.

Hajiya Rabi: Malam, tsufan abu ba ya wanke shi. Damuwata ba manya irin su Zainab ba ne. Shafi kamar Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, yana karɓar mai shekara 13, kuma gargaɗin da ake rubutawa a shafin farko ba ya hana yarinya danna babi na biyu, sau da yawa ma shi ne yake jawo ta. Yarinyar da take cikin makaranta yanzu, wadda wataƙila akwai wani da ya sa ta a gaba, me za ta koya daga labarin da ke gaya mata cewa mai wulaƙanta ta sonta yake yi bai san yadda zai faɗa ba?

Malam Nura: Hajiya ta taɓo inda nake so in yi magana. Masanin da ya fara nazarin cin zali tsakanin ɗalibai a ilmance shi ne Dan Olweus, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aiki a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe. Bayan da yara maza uku suka kashe kansu a arewacin Norwe a 1982 saboda takurawar 'yan makarantarsu, gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da matsalar a faɗin ƙasa a 1983, aikinsa kuma ya zama ginshiƙin shirin. Olweus ya ce abu uku ne suke haɗuwa kafin a kira abu cin zali: a yi shi da niyyar cutarwa, a riƙa maimaita shi, sannan ya kasance ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ta yadda wanda ake cuta ba zai iya kare kansa ba.

To ku dubi sharaɗi na uku. Waɗannan labarai sun dogara a kansa kacokan, domin in aka daidaita ƙarfin yaron da na yarinyar, labarin ya koma faɗan sa'o'i biyu masu taurin kai, wanda nau'i ne daban. Ita tallafin karatunta yana iya salwanta da kalma ɗaya daga mahaifinsa, shi kuwa ko tagar ofishin shugaban makaranta ya fasa, cekin kuɗin mahaifinsa zai gyara ta. A irin wannan hali, idan ta ce tana sonsa, mai karatu mai lura dole ya tambayi kansa, da ta ƙi me zai same ta? Wannan ba ƙaramar matsala ba ce da za a ce labari ne kawai, domin rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci binciken.

Zainab: Malam Nura, na yarda da alƙaluman, amma ba su nuna cewa karatun littafi ne ya jawo ko ɗaya daga ciki ba. Kuma a labaran da suka yi kyau, yarinyar ba ta rusuna masa. Ita kaɗai ce a duk makarantar take kallonsa ido cikin ido ta gaya masa gaskiya, wannan ne ma yake girgiza shi. Ni a wurina labarin jarumtarta ne kafin ya zama labarin soyayyarsu.

Malam Nura: Ban ce littafi ne ya jawo ba, ƙanwata, kuma ba zan ce ba. Cewa na yi abin da ake wasa da shi a labarin yana faruwa ga miliyoyin yara, don haka marubuci yana da nauyi a kansa game da yadda ya siffanta shi.

Anti Bilkisu: Bari in yi magana a matsayin wadda take rubuta irin waɗannan labarai. Akwai wata dabara da dukanmu muke amfani da ita, kuma gara a fito da ita fili. A rabin farko muna nuna zaluncin ta idon yarinyar, mai karatu ya ji zafinsa sosai. Wajen tsakiya sai mu buɗe babi da muryar yaron, mu shigar da mai karatu gidansu: katafaren gida shiru kamar ba kowa, uwa ta rasu ko ta tafi, uba ba ya magana da shi sai in zai ci masa mutunci, direba da mai aiki ne kaɗai suka san ranar haihuwarsa. Daga wannan babi komai yake sauyawa. Abin da ya yi mata a babi na uku bai canja ba, amma yanzu mai karatu yana kallonsa da idon tausayi. Janice Radway, wadda ta yi nazarin mata masu karanta labaran soyayya a Amurka ta fitar da littafinta a 1984, ta lura da wannan tun kafin a haifi yawancinmu: labarin yakan koma baya ya sake fassara muguntar jarumin, ya nuna cewa rauni ne ko so ne ya haifar da ita.

Ni ban ɗauki dabarar a matsayin yaudara ba, domin gaskiya ne cewa wasu masu cin zali su ma ana cin zalinsu a gida. Inda nake ganin ana kuskure shi ne idan aka bari bayanin dalili ya zama uzuri, har ya zamana yarinyar ce take ba shi haƙuri saboda ba ta fahimce shi da wuri ba. Marubucin kirki yakan sa yaron ya sha wuya kafin a yafe masa, masu karatu ma ba sa yafe wa marubucin da ya gajarta wannan sashe.

Malama Hadiza: Na gode Anti Bilkisu da kika fito da sirrin sana'a. Amma akwai mutum ɗaya da har yanzu babu wanda ya ambace shi a cikinmu, kuma shi ne ya sa na kawo maganar. Kusan kowane irin wannan labari yana da shi a babi na ɗaya ko na biyu. Wani yaro ne mara ƙarfi, galibi mai gilashi, wanda ake wulaƙantawa a ɗakin cin abinci domin a nuna mana ikon jarumin. An sa masa ƙafa ya faɗi, farantinsa ya kife, an umarce shi ya goge takalmin jarumin da hannun rigarsa, ɗalibai ɗari biyu suna kallo, wasu na ɗauka da waya, malamin da ke kula da ɗakin ya juya baya yana duba agogo. A nan ne jaruma take miƙewa ta ce a daina, fushin jarumin ya dawo kanta, labari ya fara.

To ina wannan yaro a babin ƙarshe? Jarumin ya durƙusa wa yarinyar, ya yi kuka cikin ruwan sama, ya bijire wa mahaifinsa saboda ita. Amma mai gilashi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko kuma a gan shi a wurin bikin kammala karatu yana tafa musu. Wannan ne yake nuna mini cewa jarumin bai daina ganin mutane a matsayin abin takawa ba, ya dai cire mutum ɗaya daga cikinsu domin yana sonta. Makarantar ma tana nan yadda take, shugaban da ya rufe ido yana kan kujerarsa, kwamitin amintattu bai canja ba. Abin da ya canja kawai shi ne yarinyar ta tashi daga teburin waɗanda ake takawa ta koma teburin masu takawa, yanzu babu mai iya taɓa ta domin ita ma ta samu gata. Zainab ta ce labarin jarumta ne, na yarda a farkonsa, amma ƙarshensa ya saye jarumtar.

Malam Auwal: Wannan magana ta Malama tana da nauyi, kuma zan ƙara mata wani abu game da shi kansa gatan. Labaran suna nuna shi da hayaniya, motoci da agoguna da yaro mai cewa kun san ko ni ɗan wane ne. Shamus Khan, masanin zamantakewa da ya yi karatu kuma ya koyar a makarantar kwana ta St. Paul's da ke jihar New Hampshire a Amurka, ya fitar da nazarinsa a 2011, kuma abin da ya gani ya bambanta da haka. Ya ce a yau ɗalibin da yake tinƙaho da sunan gidansu raina shi ake yi a irin wannan makaranta. Abin da ake koya wa yaran shi ne sakin jiki, su iya zama da kowa a ko'ina ba tare da ɗar-ɗar ba, su kuma yi imani cewa ƙoƙarinsu ne ya kai su inda suke. Irin wannan gata ya fi wuyar kamawa, domin ba ya zagi, murmushi yake yi. 'Yar tallafin karatu tana iya shekara uku ba wanda ya watsa mata littafi, amma kullum tana jin cewa ita baƙuwa ce, ba ta san wasannin da suke yi lokacin hutu ba, ba ta san garuruwan da suke ambata ba.

A tarihi kuma, cin zalin makarantun manya sau da yawa tsari ne da hukuma ta amince da shi. A manyan makarantun kwana na Ingila an daɗe ana ba babban ɗalibi ƙaramin ɗalibi ya riƙa yi masa hidima, sai wajen shekarun 1970 zuwa 1980 aka yi watsi da abin. Labarin da ya ɗora laifin duka a kan yaro ɗaya mai baƙin hali ya sauƙaƙa wa makarantar.

Sadiya: Na daɗe ina karanta muhawarar ban sa baki ba. Ni an ci zalina a sakandare, a wata makaranta da ba zan ambata ba, kuma waɗanda suka yi 'yan mata ne 'yan ajinmu da iyayensu suka fi nawa hali. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne sauran 'yan ajin. Akwai wadda muke zama benci ɗaya, in mun fita daga makaranta ta yi mini magana lafiya lau, in mun shiga aji ta matsar da jakarta gefe kada a ce ƙawata ce. Abin mamaki, ina karanta irin waɗannan littattafai, wasu ma na karanta su fiye da sau ɗaya. Ina jin daɗin sashen neman afuwa kamar yadda Zainab ta faɗa, domin ni ba a taɓa neman tawa ba. Amma da zarar an zo inda jaruma za ta ce ta manta da komai, sai in ji labarin ya bar ni a baya. Ana iya yafewa, amma mantawa cikin babi biyu ban san ta ba.

Malam Nura: Allah ya saka miki, 'yar'uwa, mun gode da kika amince mana da wannan. Abin da kika faɗa game da 'yar bencinku ya yi daidai da binciken Christina Salmivalli a ƙasar Finlan a 1996, wanda ya nuna cewa cin zali aikin taro ne: akwai masu taimaka wa azzalumi, akwai masu ƙarfafa shi da dariya, akwai masu kau da kai, akwai 'yan kaɗan masu kare wanda ake cuta. Batun mantawa kuma, masana a King's College ta Landan sun bi rayuwar yara fiye da 7,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958, suka wallafa a 2014 cewa waɗanda aka ci zalinsu suna yara sun fi sauran fama da baƙin ciki da damuwa da raunin lafiya har zuwa shekara 50.

Anti Bilkisu: Sadiya, maganarki ta fi duk wani sharhi amfani a wurina. Malama Hadiza kuma, na karɓi batun yaron mai gilashi, domin abu ne da marubuci zai iya gyarawa ba tare da ya rusa labarinsa ba: jarumin ya je ya same shi ba da sanin yarinyar ba, ya nemi afuwa, yaron kuma yana da damar ya ƙi. Ina ma ganin ƙin nasa zai ƙara wa labarin armashi. Inda ban bi ki ba shi ne batun makarantar. Idan kika ce sai an tsige shugaba an rushe kwamitin amintattu kafin labari ya cika, to kin nemi wani littafin daban, na ramuwa ko na gwagwarmaya, kuma akwai masu rubuta shi. Mai karatun soyayya ta zo ne domin mutum biyu.

Malama Hadiza: Ban nemi a rushe makarantar ba, Anti. Na nemi labarin ya san cewa tana nan. Ko da jimla ɗaya ce a ƙarshe, jaruma ta shiga ɗakin cin abinci ta ga an sa wa wani sabon ɗalibi ƙafa, ta gane cewa sunan masu yi ne kawai ya canja. Marubuciyar da ta zaɓi ta gina soyayyarta a kan tazarar mai gata da mara gata ita ce ta kawo maganar, ba mu muka ɗora mata ba.

Zainab: Wannan jimlar za ta ɓata mini daɗin ƙarshen, gaskiya, amma zan karanta littafin da ya yi ta. Sai dai ina roƙon kada a mayar da kowane labari wa'azi.

Hajiya Rabi: Har yanzu ba a amsa mini tambayata ba game da 'yar shekara 13.

Anti Bilkisu: Hajiya, abin da ke hannuna ina yi: ina sa wa labarin alamar na manya ne, ina rubuta gargaɗi dalla-dalla a kan abin da ke ciki, kuma jaruman nawa ba sa gaza shekara 18, suna ajin ƙarshe. Na san yarinya tana iya ƙara wa kanta shekaru lokacin buɗe shafi, wannan kuma ya fi ƙarfina. Abin da zan ce shi ne, idan kika ga 'yarki da irin wannan littafi, ƙwace waya ba zai hana ta samun wani ba. Ki karanta babi uku na farko, sannan ki tambaye ta abin da Malam Nura ya tambaya, wato da yarinyar ta ƙi shi me zai same ta, ki saurari amsarta.

Hajiya Rabi: Zan gwada, amma ban janye maganata ba cewa shafukan su ma suna da alhaki, domin su ne suke turo wa yaran labaran a shafin farko ba tare da sun nema ba. Malam Nura, in kana da wani abu a kan yadda ake tantance shekarun masu karatu a irin waɗannan shafuka, ka kawo mana a zama na gaba.